Nahawun da ɗalibaina suka zo da shi daga gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin garin Sakkwato, kuma akwai rana guda da har gobe ba ta barin zuciyata. A shekarata ta biyu da kama aiki ne, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, fankar aji kuwa ta daɗe da tsayawa. Ina bin layi-layi ina karɓar aikin gida, sai na iso kan wata yarinya 'yar aji biyu, ƙarama, mai sanyin murya. Shafin littafinta fari fat, ko ɗigo babu. Na ce mata, “You didn't do it?” Ta ce, “Yes, sir.” Na miƙa hannu na ce to kawo. Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, “You did it?” Ta ce, “No, sir.” Aji ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Raina ya ɓaci, na ɗauka raini ne, na fitar da ita waje na sa ta durƙusa a rana har aka kaɗa ƙararrawa.

Da daddare na je gaida Inna a Ƙofar Atiku. Ta ƙare mini kallo ta ce, “Kai, ba ka ci komi ba tun sahe ko?” Na ce, “I, Inna.” Ta miƙe ta damo mini fura. Ludayi na hannuna abin ya faɗo mini a rai. Inna ta tambaye ni da korewa, na amsa da “i”, kuma ba wanda ya ruɗe a tsakaninmu. Abin da yarinyar nan ta yi ke nan da rana. Bahaushe maganar mai tambaya yake gaskatawa: i, yadda kika faɗa haka ne, ban ci ba. Bature kuwa aikin yake dubawa, in dai bai ci ba to “no” zai ce, ko ta wace fuska aka ɓullo masa. Daga baya na karanta cewa mutanen Japan ma irin tamu suke amsawa. Yarinyar gaskiya ta gaya mini har sau biyu, bisa ƙa'idar harshen da aka haife ta a cikinsa, ni kuma na saka mata da rana. Furar nan ban iya shanye ta ba. Washegari na kira ta gaban aji na ba ta haƙuri, sannan na kwashe darasin ranar kaf ina bayanin wannan bambanci guda ɗaya.

Tun daga ranar na sayi ƙaramin littafi mai bango shuɗi, na shiga rubuta duk kuskuren da ya maimaita kansa a takardun ɗalibai. Yanzu ina kan na huɗu. Abin da littattafan nan suka nuna mini shi ne kuskuren yaranmu ba a warwatse yake ba. Yarinya daga Mabera da wata daga Gidan Igwai, ba su taɓa zama benci ɗaya ba, amma a gurbi ɗaya suke tuntuɓe, kuma in ka tona gurbin sai ka iske wata ƙa'idar Hausa kwance a ƙasa.

Mu da muka yi makaranta, nahawun Turanci jerin hani ne aka ba mu: kada ka ce kaza, kada ka rubuta kaza. Sai da na shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo na zauna a ajin kimiyyar harshe na san cewa wasu daga cikin hane-hanen nan suna da ranar haihuwa. A 1762 wani malamin coci a Ingila, Robert Lowth, ya fitar da ɗan littafin nahawu, a bugunsa na biyu ya ce korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna su koma tabbatarwa. Alhali Chaucer, babban mawaƙinsu da ya rasu a 1400, yakan jera korewa biyu har uku a jimla guda, kuma ba wanda ya ce bai iya harshensa ba. Mu a Hausa da ƙafa biyu korewa ke tafiya, “ba” a gaba “ba” a baya, kamar yadda Faransanci ke da nasa biyun. Ke nan dokar Lowth zaɓi ce da masu ilimin wata ƙasa suka yi wa rubutunsu a wani zamani. Ina koyar da ita, ina kuma jan layi ga wadda ta karya ta, amma na daina gabatar da ita kamar hankali ne kansa ya yanke ta.

A ajin nan na jami'a ne wani malaminmu ya rubuta jimloli uku a allo: ya ɗauki tulu, ya ɗauke shi, ga abin da ya ɗauka. Ya ce, wa ya koya muku sauya wasalin ƙarshe har sau uku? Aka yi tsit. Ba wanda ya koya mana. In suna ne ya biyo baya sai mu ce “ɗauki”, in wakilin suna ne mu ce “ɗauke”, in ba abin da ya biyo mu ce “ɗauka”. Yaro ɗan shekara biyar da ke wasan ƙasa a bakin rijiya ba ya kuskure wannan. Sai a 1960 wani Baturen Ingila, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa, wato kalmomin aiki, giredi bakwai, “ɗauka” ya faɗa giredi na biyu. Parsons ya bayyana abin ne, amma kakanninmu sun daɗe suna aiki da shi. A ranar na gane cewa nahawu na farko a ƙwaƙwalwa yake zaune, littafi daga baya yake zuwa ya kwatanta shi. Duk ɗalibar da ta shigo ajina ta riga ta zo da nahawu cikakke, mai sarƙaƙiya, wanda ba ta san sunayen sassansa ba.

Mu Sakkwatawa ma sau biyu abin ya same mu. Kafin a ce Turancinmu bai yi ba, an riga an ce Hausarmu ba ta yi ba. Ina tuna jan biron da ya cika takardata ta insha'in Hausa a sakandare: “munka” an soke, “gidanai” an soke, “shi na” an mayar “shi ne”, “biyat” an mayar “biyar”. Ban ƙi daidaitacciyar Hausa ba, ga shi da ita nake wannan rubutu, kuma na san an gina ta bisa karin Kano don a samu hanyar rubutu ɗaya daga nan har Borno. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ba wanda ya zaunar da ni ya ce “munka” ma ƙa'ida ce. Duba wannan: idan Bakano ya ce “abin da muka yi”, aikin ya wuce. Idan tsohuwa a Sakkwato ta ce “abin da muka yi”, yanzu ake cikin yinsa, wato “muke yi”. Wanda ya wuce kuwa shi ne “abin da munka yi”. Wannan “n” ɗin da aka yi ta soke mini, ita ce katangar da ke raba jiya da yau a bakinmu. Wanda aka yi wa haka da harshen uwarsa bai kamata ya juya ya yi wa yaran mutane irinsa da Turanci ba, kuma na yi, shekara biyu.

Wasu kurakuran cikin littafina ba su da wuyar ganewa. “Drink medicine” shan magani ne, “I am hearing the smell” jin wari ne, don “sha” da “ji” namu faɗi gare su, Turanci kuwa ya rarraba aikinsu ga kalmomi da yawa. Mota takan zama “she” saboda mota mace ce a bakinmu. A nan ma akwai ribar da ba a faɗa: ɗalibaina ba sa rikita “he” da “she” a kan mutane, abin da ke wahalar da masu jin Yarbanci da Ibo da Fulatanci, waɗanda wakilin sunansu bai raba namiji da mace ba. Kuma kowace shekara sai an samu wadda ta tambaye ni yadda “you” guda ɗaya za ta ɗauki kai da ke da ku. Nakan ce mata da can Turanci na da “thou” na mutum ɗaya, ya yar da shi. A wannan gurbi Hausa ta fi shi kayan aiki.

Wanda ya fi cin shafi a littattafan nan huɗu shi ne “did”. “Did he went?” “She did not came.” Ba zangon karatun da ban ja layi ƙarƙashin irinsu ba sau ɗari. Kuma in ka duba da adalci, yarinyar tunani ta yi. An ce mata abin da ya wuce “went” ne, tambayar kuma a kan abin da ya wuce take, to don me za a koma “go”? Da can amsata ita ce, haka dokar take, ki haddace. Su haddace ranar Litinin, ranar Alhamis ya zube.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan rubuta a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: ya tafi, zai tafi, yakan tafi, bai tafi ba. Sai in ce, wace kalma ce ba ta motsa ba? Su ce “tafi”. To ina lokacin yake, wa ya gaya muku wannan jiya ne wancan gobe? Su nuna 'yar kalmar da ke gaba. A Hausa aikatau ba ya ɗaukar lokaci, lamirin da ke gabansa ke ɗauke masa. Sai in ce su tuna Babbar Kasuwa ranar da albasa ta sauka. Buhu ɗaya ne. In ka samu ɗan dako ya saɓa, kai hannu sake za ka bi shi. In babu ɗan dako, kai za ka saɓa abinka. Ba a taɓa ganin mutum biyu kowa ya saɓa buhu guda ɗaya ba. Lokaci a jimlar Turanci shi ne buhun. A “he went” babu ɗan dako, aikatau ya ɗauki kayansa da kansa har siffarsa ta sauya. Da “did” ya shigo, ya karɓi buhun, sai “go” ya koma yadda Allah ya yi shi, kamar “tafi” namu. Wato jimlar tambaya da ta korewa a Turanci sun fi kusa da ginin Hausa fiye da jimlar labari. Wurin da yaranmu suka fi faɗuwa shi ne wurin da ya kamata ya fi musu sauƙi.

Ban ƙago wannan daga kaina ba. A 1957 Noam Chomsky, masanin harshe ɗan Amurka, ya fitar da ƙaramin littafinsa Syntactic Structures, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa ya yi suna shi ne bayaninsa kan wannan matsala. Ya ce a ɗauki lokaci a matsayin wani abu mai zaman kansa a jimla, wanda ke neman aikatau ya manne masa. In wani abu ya shiga tsakaninsu, kamar “not”, ko aka jawo lokacin gaba don yin tambaya, sai ya rasa mariƙi, sai harshen ya kawo “do” ya riƙe shi. Lokacin da muke zana bishiyar li'irabi a jami'a ina ganin abin kamar lissafi ne marar amfani ga malamin sakandare. Sai da na tsaya gaban allo na lura cewa abin da Chomsky ya sha wahalar tonowa daga ƙarƙashin Turanci, a Hausa a fili yake zaune, kowa na ganinsa: ga “ya” can, ga “tafi” nan. Shi kansa “do” ɗin bai daɗe da zama tilas ba. A zamanin Shakespeare, wajen 1600, Bature na iya yin tambaya da shi ko ba shi.

Wannan lamirin dai shi ke haifar da “My father he went to Illela.” A Hausa ba ka cewa “Babana tafi Illela”, dole “ya” ya zauna, ko da an ambaci mai aikin. Yarinya ta ga “ya” sai ta nemo masa “he”. Da zarar ta gane cewa rabin aikin “ya” riƙon lokaci ne, kuma “went” ya riga ya riƙe, sai ta saki “he” ɗin ba tare da an yi faɗa ba.

Akwai abokin aikina da ba ya jin daɗin wannan hanya, kuma ina girmama shi, ya riga ni shiga aji da shekaru. Hujjarsa ita ce yaran nan ba inda suke jin Turanci sai minti arba'in ɗin nan, gida Hausa, kasuwa Hausa, rediyo Hausa, to in malamin Turanci ma ya buɗe baki da Hausa me ya rage? Gaskiya ne, kuma ba na wasa da ita. Yarinyar da ba ta samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare ta ko da ta cinye sauran darussa, kuma mai duba takarda ba ruwansa da dalilin kuskure. Shi ya sa jan birona bai huta ba. Hausar da nake yi a aji ba ta wuce minti biyar, a daidai gurbin da ginin harsunan biyu ya saɓa, sauran lokacin Turanci ne zalla, karatu da rubutu da magana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cin tarar yaro don ya yi “banakula”, da nuna masa cewa abin da ya zo da shi daga gida datti ne da za a kankare kafin ilimi ya zauna. Na ga abin da hakan ke haifarwa: yara masu surutu a tsakar gida, bebaye a aji, suna tsoron buɗe baki da kowane harshe.

Kuma a Sakkwato, cikin duk garuruwa, bai dace a ɗauka nazarin jimla baƙon abu ne da Turawa suka kawo a 1903 ba. Malam Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarfu, duka a waƙe, tun ba a san za a yi makarantar boko a ƙasar nan ba. Kalmomin da muke aiki da su a ajin Hausa ma daga can suka gangaro: nahawu, jimla, sifa, li'irabi, har “lamiri” ɗin da nake ta ambata. Baffana, yayan mahaifina, yana da zaure inda yake ba da karatu bayan Asuba da kuma tsakanin Magariba da Isha. Ajurumiyya ga masu farawa, Alfiyyar Ibn Malik mai baiti dubu ga waɗanda suka yi nisa. Na sha zama a gefen tabarma ina kallon yadda yake yi. Ba ya barin kalma ta wuce sai almajiri ya faɗi matsayinta da dalilin wasalin ƙarshenta. Don me rufu'a? Don fa'ili ne. Don me fataha? Don maf'uli ne. A can na fara jin cewa ana iya tambayar harshe “don me” ya ba da amsa.

A zauren nan ne kuma na samu hanyar bayyana jerin kalmomi. A Larabci wasalin ƙarshe ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa, don haka “Zaidun” ko an kai shi ƙarshen jimla shi ne mai bugu, “Amran” shi ne ya sha bugu. Tsohon Turanci ma haka yake, sunaye na da ƙarshe mai nuna matsayi, sai suka yi ta zubewa, musamman a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normawa daga Faransa suka yi wa Ingila a 1066. Ɗan abin da ya rage shi ne irin “he” da “him”, “I” da “me”. Da alamomin suka tafi sai gurbi ya karɓi aikinsu: aikau a gaba, aikatau a tsakiya, karɓau a baya. Haka Hausa take. Kare ya kori yaro daban, yaro ya kori kare daban. Kusan duk ɗalibaina suna zuwa Islamiyya da yamma, don haka in na kawo misalin Zaidu da Amru sai in ga fuskoki sun washe.

Makon jiya na je zauren da takardun gwaji a jaka, ina jiran Baffa ya sallami almajirai. Da suka watse ya ga ina ta jan layi a hasken fitila. Ya ce, “Mi kaka rubutawa haka tun ɗazu?” Na ce, “Allah gafarta Malam, takardun yara ne nake dubawa.” Ya ce, “Karanta mani guda in jiya.” Baffa ba ya jin Turanci ko kaɗan. Na karanta masa “He did not wrote”, na ce daidai shi ne “He did not write”, na fassara masa kowace kalma, na ce wannan ta ƙarshen siffar yanzu gare ta amma ma'anar jimlar ta wuce, don ƙaramar kalmar da ke gaba ta ɗauke lokacin. Ya yi shiru yana jan tasbaha. Ya ce in sake faɗi. Na sake.

Sai ya ce, “Ai ɗana, wanga aikin lam na.” Ya jawo allon wani almajiri da tawada, ya rubuta “yaktubu”, ya ce shina rubutawa. Ya rubuta “lam yaktub” a ƙasa, ya ce bai rubuta ba. Ya ɗora alƙalami kan fi'ilin ya ce, “Duba, mulari'i na, bai koma mali ba. Lam ta kore shi, ta yi mai jazamu, ta juya zamaninai baya. In yaro ya ce lam kataba, ya aza kaya biyu wuri guda.” Ya ce duk yaron da ya iya Ƙulhuwallahu ya riga ya san wannan gini a bakinsa, tunda yana karanta “lam yalid” kullum.

Na nemi izini na ɗauki hoton allon da wayata kafin a wanke. Ranar Litinin na shiga aji uku na raba allo gida uku, na rubuta “bai rubuta ba” a dama, “lam yaktub” a tsakiya, “he did not write” a hagu, ban ce komai ba na koma gefe na tsaya. Aka ɗan jima. Can wata daga layin baya, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, in zo in ja layi ƙarƙashin mai ɗaukar buhun?” Na miƙa mata alli.